Alƙalami, Buroshi da Baƙin Tauraro: Daga Ina Fassarar Ilimin Kwamfuta Za Ta Fara?

Gabatarwa

Duk lokacin da aka zauna a kan batun koyar da ilimin kwamfuta da Hausa, abin da ake fara yi shi ne a jera kalmomin Turanci a gefe guda, a shiga farautar takwarorinsu na Hausa a ɗaya gefen. Sai a wuni ana gardama a kan ko kwamfuta za a ce ko na'ura mai ƙwaƙwalwa, a tashi ba a koya wa kowa komai ba. A ganina mun kamo aikin ne ta wutsiya. Abin da ɗalibi ya fi bukata shi ne jimlar da za ta gaya masa abin da na'ura take aikatawa, ita kuwa jimla aikatau ne ƙashin bayanta. Zan kafa hujja da ƙaramin misali guda, wato yadda ake cike siffa da launi a fuskar kwamfuta da abin da masu rubuta manhaja suke kira buroshi. A Maamobi na tsinci misalin, unguwar da take maƙwabtaka da Nima cikin zangunan birnin Accra na ƙasar Ghana.

Tauraron da ya ƙi cika

A wani hutu na sauka a gidan ƙanwata da take aure a Maamobi. 'Yarta tana makarantar sakandare, tana kuma zuwa wani ajin yamma inda ake koya musu rubuta manhaja da harshen Python. An ba su aikin gida, su zana tutar Ghana da kayan aikin Qt, waɗanda ake gina fuskar manhaja da su, wato tagogi da maɓallai da hotunan da mai amfani da na'ura yake gani yana taɓawa. Tutar ba ta da wuya a ido: ja a sama, ruwan zinare a tsakiya, kore a ƙasa, sai baƙin tauraro mai tsini biyar a tsakiyar zinaren. Haka Theodosia Okoh ta tsara ta, haka kuma aka ɗaga ta ranar 6 ga Maris, 1957.

Da yarinyar ta kunna abin da ta rubuta, sai ga layuka kawai sun fito, babu launi ko ɗigo. An gaya musu a aji cewa da buroshi ake sa launi, ita kuwa ta daɗe tana neman hoton buroshi da za ta kama ta goga, kamar yadda ta saba a manhajar zane ta yara. Bayan mun karanta bayanin Qt tare, muka gane kuskuren, launuka uku suka zauna. Sai ta juyo ta ce, “Kawu, tauraron nan ya ƙi cika.” Na duba, sai na ga tsinayensa biyar sun yi baƙi wuluk, amma tsakiyarsa fayau, zinaren ƙasa yana leƙowa. Na ce mata, “'Yata, bari mu bi shi a hankali.” Ni malamin harshe ne, kwamfuta ba fagena ba ce, amma a daren nan na gane cewa matsalolinta guda biyu duk sun taɓa harshe.

Mene ne buroshi a wurin mai rubuta manhaja?

Tun fitowar Windows ta farko a 1985, sashenta mai kula da zane, wanda ake kira GDI, ya raba aikin gida biyu. Akwai alƙalami, shi ne yake zana iyakar siffa. Akwai buroshi, shi ne yake cike abin da iyakar ta kewaye. Qt ma wannan rabon ta bi, tana da QPen tana da QBrush. Harshen SVG da ake zana hotunan intanet da shi yana da irin wannan rabo, sai dai da wasu sunaye.

Abin lura shi ne, wannan buroshi ba shi da gashi, ba shi da mariƙi, ba a tsoma shi a gwangwanin fenti, ba a kuma goga shi. Umarni ne kawai da yake amsa tambaya guda: da me za a cike cikin siffar nan? Amsar tana iya zama launi ɗaya, wanda ake faɗa da lambobi uku, adadin ja da na kore da na shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Idan duka ukun 0 ne, baƙi ke nan. Idan duka 255 ne, fari. Tana iya zama layi-layi, kuma GDI tana da irinsu 6: na kwance, na tsaye, na karkace iri biyu, da masu gilma juna iri biyu. Tana iya zama ƙaramin hoto da ake maimaitawa har ya rufe fili, kamar adon atamfa. Tana iya zama launi mai rikiɗa a hankali daga wani zuwa wani, kamar sararin sama da almuru. GDI+ da ta zo tare da Windows XP a 2001 tana da buroshi na musamman domin wannan. Amsar ma tana iya zama babu. A Qt, idan mai rubutu bai ce komai ba, za a ba shi siririn baƙin alƙalami, buroshinsa kuwa babu ne. Dalilin da ya sa yarinyar ta ga layuka tsirara ke nan.

To, da mun tsaya a fassarar suna, da mun ce mata buroshi shi ne buroshi, mu tafi mu bar ta inda take. Kalmar ta daɗe da zama Bahaushiya, muna da buroshin haƙori da buroshin fenti da na takalmi. Amma hoton da take sa wa mutum a zuciya hoton hannu ne yana kai da kawowa, shi ne kuma ya ɓatar da ita.

Abin da Hausa ta riga ta tanada

A nan ne ɗalibin Hausa yake da abin faɗa. Tun 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatan Hausa aji bakwai, ya nuna yadda saiwa ɗaya take sauya ma'ana idan wasalin ƙarshe da karin sauti suka sauya. Mu ɗauki saiwar cik-. A aji na ɗaya muna cewa “ta cika tulu”, wato ta yi aikin a kan wani abu. A aji na uku, da karin sautin ƙasa-sama, muna cewa “tulu ya cika”, babu karɓau. A aji na huɗu muna cewa “ta cike rami”, wato ba ta bar ko kusurwa ba. Muna kuma da suna, ciko, abin da ake cike gurbi da shi. Da waɗannan huɗu an gama bayanin darasin nan: alƙalami yana zana iyaka, buroshi yana faɗin ciko, na'ura tana cike ciki, siffa ta cika.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a ce shafa, tunda ita ce kalmar masu fenti? Ana shafa fenti a bango, gaskiya ne. Amma da zarar an kai ta aji na huɗu sai ta zama shafe, shafe kuwa tana da fuska biyu. Ana shafe bango da farar ƙasa, ana kuma shafe rubutu daga allo ya ɓace. A wurin da goge abu shi ma umarni ne mai zaman kansa, kalma mai fuska biyu tarko ce ga ɗalibi. Saboda haka cike ta fi tsira.

Akwai kuma wani nau'in ciko da mutane da yawa suka fi sani, wato bokitin fenti, wanda manhajar MacPaint ta kamfanin Apple ta yayata tun 1984. Shi wannan ana taɓa wuri ɗaya ne, launi ya bazu daga ɗigo zuwa ɗigo har ya ci karo da iyaka. Idan akwai 'yar kafa a jikin layin, sai ya fice ya ɓata hoton duka. Hausa tana da aikatau da ya dace da wannan sarai: malala. Duk wanda ya ga ruwan sama ya cika kwata ya bi lunguna ya san yadda abu yake malala. Buroshin da muke magana a kansa ba ya malala, domin lissafi ake yi daga siffar kanta. A SVG, ko da an bar layi a buɗe, sai a ɗauka an haɗe bakinsa biyu kafin a cike. Turanci yakan kira ayyukan nan biyu da kalma ɗaya sai ya ƙara mata bayani, mu kuwa muna da cike muna da malala.

Hatta jerin aikin yana da abin koyo. Malamin da yake zayyana allon sauka yakan fara fitar da layuka da alƙalami da tawada, sannan ya bi gidajen ya cike su da launi. Mai rubuta allon shago ma haka yake yi. Na'ura kuwa takan fara zuba ciko, sannan ta ɗora layin alƙalami a kansa, domin abin da aka zana daga baya shi yake rufe na farko. Ɗalibin da ya san zayyana ya riga ya san rabon aikin, abin da ya rage a gaya masa shi ne an juya jerin.

Cika da mara

Saura ramin da yake tsakiyar tauraro. Yarinyar ta zana shi ne kamar yadda kowane yaro yake zana shi a takarda, layuka biyar masu gilma juna ba tare da ɗaga alƙalami ba. Idan layuka suka gilma juna haka, dole na'ura ta sami ƙa'idar da za ta raba ciki da waje, domin ba ta da ido.

Ƙa'ida ta farko ita ce: tsaya a kan ɗigon da ake tambaya a kansa, ka miƙe har ka fita daga siffar baki ɗaya, kana ƙirga layukan da ka tsallake. Hausa tana da sunayen nau'in adadi biyu. Wanda ya rabu biyu daidai, kamar 2 da 4 da 6, shi ne cika. Wanda ya bar ɗaya a gefe, kamar 1 da 3 da 5, shi ne mara. Idan abin da ka ƙirga mara ne, kana ciki. Idan cika ne, kana waje. Daga cikin tsinin tauraro, ta gefensa, layi 1 za ka tsallake ka fita, don haka aka cike shi. Daga tsakiya kuwa sai ka tsallake 2, don haka aka ɗauke ta a matsayin waje. Da na ce mata inda lissafi ya faɗa cika ba a cikawa, inda ya faɗa mara nan ake cikawa, ta yi dariya, kuma ban ga alamar za ta manta ba.

Kada a ɗauki wannan ƙa'ida wauta. Gidajen haya na Nima da Maamobi da yawa ɗakuna ne da suka kewaye tsakar gida. Wanda yake cikin ɗaki, bango ɗaya ne tsakaninsa da lungu. Wanda yake tsakar gida, bango biyu ne. Ɗakuna ake yi wa rufin kwano, tsakar gida a bar ta a buɗe. Ƙa'idar cika da mara ke nan, kuma ita ce hanya mafi sauƙi ta barin rami a tsakiyar zobe.

Ƙa'ida ta biyu zan kira ta ƙa'idar kewaye. Ita tana duba sau nawa alƙalami ya zagaye ɗigon, tana kuma lura da wajen da ya bi. Zagayen dama da na hagu suna soke juna. Idan abin da ya rage ba 0 ba ne, ɗigon yana ciki. A tauraronmu alƙalami ya zagaye tsakiya sau 2 ta waje ɗaya, saboda haka za a cike ta. Qt da GDI suna ɗaukar ƙa'idar cika da mara idan ba a zaɓa musu ba, SVG kuwa tana ɗaukar ta kewaye. Ashe ɗigo biyar ɗin nan za su iya haifar da taurari biyu mabambanta, gwargwadon inda aka zana su. Yarinyar ta sauya kalma ɗaya a rubutunta, baƙin tauraro ya cika.

Me ya sa zango?

Mai karatu na Kano ko Zariya ko Maraɗi zai iya cewa wannan matsalar ai ta ko'ina ce. Haka ne, amma a zangunan Accra ta fi fitowa fili. A Nima da Maamobi da Sabon Zongo, Hausa ce harshen da ya haɗa jama'ar da asalinsu ya bambanta, daga arewacin Ghana da Nijeriya da Nijar da Mali da Burkina Faso da Togo. Da ita ake ciniki a kasuwar Nima, da ita ake wa'azi, gidan rediyon ƙasa na GBC ma ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Duk da haka ba ta cikin harsuna 11 da Hukumar Harsunan Ghana take wallafa littattafai da su. Yaro yana tunani da Hausa a gida, yana karatu da Turanci a makaranta, babu littafin da ya haɗa masa biyun.

A daidai wannan lokaci kuma ana ta ƙoƙarin kai ilimin kwamfuta cikin zango. Regina Honu, wadda ta kafa Soronko, ta koya wa 'yan matan Nima rubuta manhaja a shirinta na Tech Needs Girls, tare da ƙungiyar Achievers Ghana. Gwamnati ta kafa Asusun Raya Zanguna da dokar shekarar 2017. A 2025 kuma aka ƙaddamar da shirin horar da masu rubuta manhaja miliyan ɗaya a faɗin ƙasar. Waɗannan duk abin yabo ne. Tambayata ita ce, idan malami ya gama bayani da Turanci, yara suka juya suna yi wa juna ƙarin haske da Hausa, da wace Hausa za su yi? Idan ba mu tanadar musu jimloli ba, za su yi da “ka danna nan, ka kwafi wancan”. Wannan hadda ce, kuma mai hadda yana tsayawa cik ranar da tauraro ya fito da rami.

Unguwar kuma ba baƙuwar zane ba ce. Nima ta fitar da masu zanen bango irin su Mohammed Awudu, akwai kuma ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art, wadda kalmar Hausa take tsakiyar sunanta. Ga masu rubuta allunan shaguna, ga masu ƙawata motocin haya, ga mata masu ƙunshi da suke manna leda su fitar da iyaka kafin su ɗora lalle. Yaron zango yana ganin iyaka da ciko kullum. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ce masa abin da yake kan kwamfuta shi ne wannan.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wasu za su ce umarnin da ake rubutawa na Turanci ne, aikin da ake nema ma da Turanci ake yin sa, don haka bayani da Hausa ɓata lokaci ne. Na yarda da rabin maganar. Ban ce a fassara QBrush ba, domin na'ura ba za ta karɓa ba. Ban ma ce a kori kalmar buroshi ba, gara ta zauna domin ɗalibi ya gane ta idan ya haɗu da ita a littafi. Amma rubuta umarni daban, fahimtar abin da yake yi daban. Yarinyar nan ta san kalmomin Turancin tun kafin in zo, ba su kuma hana ta neman buroshi mai gashi ba.

Wasu kuma, daga cikinmu malaman Hausa, za su ce Hausar zango ba daidaitacciya ba ce, tunda masu ita ba su cika rarrabe jinsin namiji da na mace ba, ga kuma aron Turanci da Twi da Ga. Wannan siffanta karin harshe ne, ba hujjar hana shi aiki ba. Ko ta ce tauraro ya cika ko wani ya ce tauraruwa ta cika, bambancin cika da cike yana nan, shi ne kuma darasin yake bukata.

Na uku za su ce ai jerin kalmomi ya taɓa yin amfani, su kawo misalin Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda aka buga a 1990. Gaskiya ne, kuma da irin waɗannan kalmomi nake rubuta wannan maƙala: aikatau, karɓau, karin sauti. Sai dai abin da ya raya su shi ne shekarun da malamai suka yi suna koyar da nahawu da su a aji, cikin jimloli, har suka zauna a bakin ɗalibai. Kalmar da aka ƙirƙira aka bar ta a jeri, ba a taɓa yin bayani da ita ba, tamkar irin da aka adana a rumbu ne ba a shuka ba.

Kammalawa

Shawarata ga ɗaliban Hausa masu neman batun nazari ita ce, ku ɗauki aiki ɗaya ƙarami da na'ura take yi, ku zauna da wanda ya iya shi, ku tambaye shi har ku gane. Daga nan ku rubuta shafi ɗaya na bayani, kuna auna kowane aikatau: cika ne ko cike, shafa ne ko malala, zana ne ko kewaye. Sannan ku kai wa yaro ɗan shekara goma sha biyar, a Fagge ko a Maamobi, ku ga ko zai iya yin aikin da bayaninku kaɗai. Inda ya tsaya, nan jimlarku take da gyara. Sunayen da aka rasa za su fito da kansu a cikin wannan aiki, kamar yadda ciko da ƙa'idar kewaye suka fito mana a daren nan ba mu je nemansu ba.

Kafin in baro Accra, yarinyar ta nuna mini hanya ta uku da ta gano da kanta. Ta zana tauraron da ɗigo 10, biyar na tsinaye, biyar na kwarin da yake tsakaninsu, ta bi gefensa kawai ba tare da layi ya gilma wani ba. Ta ce, “Kawu, yanzu ko wace ƙa'ida aka bi, layi ɗaya za a tsallake.” Da Hausa ta yi mini bayanin, kuma daidai ne.